Rakiyar Jiragen Alhazai a Tekun Indiya: Yadda Tsaron Hanya Ya Zama Ƙofar Mulkin Mallaka

A watan Satumba na 1695, wani katafaren jirgin ruwa mai suna Ganj-i-Sawai ya nufo gida daga Bahar Maliya, zai sauka a Surat da ke gaɓar yammacin Indiya. Jirgin mallakin Sarki Aurangzeb ne, mai mulkin daular Mughal, kuma babu kamarsa a girma cikin jiragen Surat na lokacin. A cikinsa akwai alhazai maza da mata da suka sauke farali, akwai fatake da suka sayar da yadi a Mokha da Jidda suka ɗauko zinariya da azurfa. Khafi Khan, marubucin tarihi da ya rayu a wannan zamani, ya ce jirgin yana da igwa 80 da bindigogi 400. Saura 'yan kwanaki a hango ƙasa, sai wani ɗan fashin teku mutumin Ingila, Henry Every, ya cim masa da jirginsa Fancy mai igwa 46. Tun a farkon musayar wuta wata igwa ta fashe a jirgin sarki ta hallaka waɗanda ke kanta, harbin 'yan fashi kuma ya karya babban jigon da ke riƙe da filafilan jirgin. Daga nan suka haye ciki.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Kwana da kwanaki suna gana wa maza azaba don su nuna inda aka ɓoye dukiya, suna keta mutuncin mata. Khafi Khan ya rubuta cewa wasu matan sun faɗa teku, wasu sun soke kansu da wuƙa, don kada hannun ƙato ya kai gare su. Mutanen da suka baro Ɗakin Allah ke nan, suna ɗokin ganin iyalansu. Dukiyar da aka kwashe kuwa an ƙiyasta ta tsakanin fam 325,000 da 600,000, ban da abin da Every ya riga ya wawashe daga jirgin Fateh Muhammad na attajirin Surat, Mulla Abdul Ghafur, wanda ya kama gab da wannan.

Da jirgin ya iso Surat labari ya bazu, gari ya ɗauki zafi. Jama'a suka yi dafifi zuwa gidan Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila. Gwamnan birnin, I'timad Khan, ya tura sojoji suka kewaye gidan, aka sa wa shugaban ma'aikatan kamfanin, Samuel Annesley, da mutanensa mari. Tsarewar ce ma ta cece su daga hannun jama'a, amma sun kusa shekara a kulle, cinikinsu ya tsaya cak. Kamfanin ya yi ta rantsuwa cewa Every ba nasu ba ne, ɗan tawaye ne da ya sace jirgi a tashar Corunna ta Sifaniya a 1694 ya gudu da shi. Wannan gaskiya ne. Sai dai mutanen Surat suna da nasu dalilin na ƙin yarda, domin ba a yi shekara goma ba da kamfanin nan da kansa ya riƙa kama jiragensu a teku.

Tambayar da ta fi damuna a labarin nan ita ce: ta yaya sarkin da ke mulkin mutane sama da miliyan 100, wanda rundunarsa ke girgiza ƙasa, ya kasa kare jirginsa na kansa? Me ya sa kuma, da ya tashi neman mafita, bai ga wadda ta wuce ya tilasta wa 'yan ƙasar ɓarayin su zama masu gadin jiragensa ba?

Amsar tana farawa ne daga iska. Tekun Indiya yana da iskar da ke juyawa sau biyu a shekara, wata shida tana kaɗawa ta wannan fuska, wata shida ta waccan. Jirgi mai filafili ba shi da zaɓi, dole ya bi ta. Jiragen Surat kan tashi wajen watan Maris zuwa Bahar Maliya, su juyo a Agusta ko Satumba. Duk wanda ya san teku ya san lokacin. Kuma duk jirgin da zai fito daga Bahar Maliya sai ya ratsa mashigin Babul Mandab, wanda faɗinsa bai wuce kilomita 30 da 'yan kai ba, da tsibirin Perim a tsakiya. Ɗan fashi bai buƙatar yawon nema. Wuri zai samu ya laɓe ya jira. Ga shi kuma kayan da jiragen ke dawowa da su tsabar kuɗi ne, domin Indiya ta fi sayarwa a kan saye, azurfar da ke shigowa ta wannan hanya kuma ita ake kaiwa gidan buga kuɗi na Surat a mayar da ita rupi. Wato hanya ɗaya ce ta haɗa ibadar talakawan sarki da jijiyar kuɗin daularsa.

Fashi a wannan teku ya girmi zuwan Turawa. Ibn Battuta, da ya bi gaɓar Indiya a ƙarni na 14, ya ba da labarin jirgin da ya shiga mai ɗauke da maharba 50 da mayaƙa Habashawa 50, ya ce su ne lamunin tsaro a wannan teku, in akwai ko ɗayansu a jirgi 'yan fashi kan kauce masa. Tsarin da ake bi ke nan a da: kowane mai jirgi ya ɗauki nasa masu gadi, sarakunan tashoshi su kula da bakin ruwansu, tsakiyar teku kuwa ba ta kowa ba ce.

Turawan Fotugal ne suka zo da wani tunani dabam. Vasco da Gama ya isa Calicut a 1498, a zuwansa na biyu kuma, a 1502, ya tare wani jirgi mai suna Miri da ke dawowa daga Makka, ya kwashe dukiyarsa, ya cinna masa wuta da ɗaruruwan mutane a ciki, har da mata. A wannan shekara suka fara bayar da wata takardar izini da ake kira kartaz. Da suka kama Goa a 1510, Malaka a 1511, Hormuz a 1515, sai takardar ta zama doka a kan kowa. Mai jirgi zai karɓe ta a kan ɗan kuɗi kaɗan, amma an rubuta masa inda zai je, da yawan makaman da zai ɗauka, an hana shi ɗaukar barkono da wasu kayan ƙamshi, an kuma wajabta masa tsayawa a tashar Fotugal ya biya kuɗin kwastan. A nan ribar take. Jirgin da aka kama ba takarda, shi da kayansa sun zama ganima.

Fatakenmu na da, masu zuwa Gwanja ɗauko goro, sun san biyan kuɗin fito da gaisuwar sarakunan hanya. Madugu ya biya, mai ƙasa ya ɗauki nauyin ayari har ya fita daga iyakarsa. Kartaz ya yi kama da wannan a ido, amma akwai bambanci babba: haɗarin da mai jirgi ke sayen kariya daga gare shi, shi ne mai sayar masa da takardar. Gaskiya ne daga baya Fotugal sun riƙa shirya ayarin ƙananan jirage, wani lokaci ɗaruruwa, jiragen yaƙinsu na raka su tsakanin Gujarat da Goa, kuma hakan ya yi wa wasu fatake amfani. Amma waɗanda ake kare ayarin daga gare su, yawanci mayaƙan Malabar ne irin su zuriyar Kunjali Marakkar, sarakunan ruwa na mai mulkin Calicut, waɗanda a wurin mutanensu masu kare gida ne daga baƙon da ya zo ya kafa shinge a teku.

Sarki Akbar ya ci Gujarat a 1572 zuwa 1573, Surat ta shigo hannun Mughal, daular ta samu ƙofa zuwa teku. A nan ne, a ganina, aka yi kuskuren da jikokinsa suka biya. Akbar bai gina rundunar ruwa mai shiga tsakiyar teku ba. Ya zaɓi sulhu, jiragen fada su ma suka riƙa tafiya da kartaz. Dalilinsa a fili yake: arzikin daular daga harajin gona yake fitowa, manyan fada mahaya dawaki ne, barazanar da ke hana su barci ta tudu take zuwa. Amma abin ya yi wa Musulmi ciwo. Gwaggon Akbar, Gulbadan Begum, da ta tashi aikin Hajji a 1575, ta kusa shekara a Surat tana jiran a daidaita da Fotugal kafin ta shiga jirgi. Har an samu babban malamin fada, Makhdum-ul-Mulk, da ya ba da fatawa cewa Hajji ya faɗi a kan mutanen Indiya a wannan hali, saboda hanyar tudu ta ratsa ƙasar Farisa da ba su aminta da ita ba, hanyar ruwa kuma sai da takardar Fotugal mai ɗauke da hoton Annabi Isa da Nana Maryam. Ko takardar ma ba ta zama lamuni ba. A 1613 Fotugal suka kama Rahimi, babban jirgin mahaifiyar Sarki Jahangir, alhali yana da kartaz, suka ja shi zuwa Goa da mutane wajen 700. Jahangir ya mayar da martani da abin da yake da iko a kai: ya sa aka yi wa garin Daman da ke hannun Fotugal ƙawanya, aka rufe cocin 'yan mishan a Agra.

Daidai wannan lokaci sababbin baƙi suka bayyana. An kafa kamfanin Ingila a 1600, na Holan a 1602. A 1612 jiragen Ingila ƙarƙashin Thomas Best suka fatattaki na Fotugal a Swally, kusa da Surat, mutane na kallo daga gaɓa. Fadar Mughal ta ga ta samu wanda za ta riƙa karawa da Fotugal da shi, ta ba su izinin zama. Amma a shekarar nan ta 1612, wani kyaftin na kamfanin, Henry Middleton, ya tsare jiragen Gujarat a bakin Bahar Maliya ya tilasta musu musayar kaya a kan farashin da ya ga dama. Tun ranar farko, ke nan, kamfanin ya shigo da fuska biyu. A 1617 kuma, da wasu jiragen Ingila biyu masu zaman kansu suka bi jirgin uwar sarki za su kama, jiragen kamfanin ne suka hana su, domin sun san a kansu abin zai ƙare.

Haka aka zauna kusan shekara 70, kowa na riƙe da wuyan ɗan'uwansa. Turawa na da kaya da kuɗi da mutane a gidajen cinikinsu na tudu, a tafin hannun gwamna. Mughal na da jirage a teku, a bakin igwar Turawa. In Turawa suka taɓa jirgi, gwamna ya kulle gida. In gwamna ya matsa, Turawa su tare bakin kogin Tapti su hana jirgi fita. Kifi a ruwa sarki ne, amma sai ya sauka tudu zai sayi yadi. Ɗan abin da Mughal ke da shi na ƙarfin ruwa shi ne Siddawan Janjira, zuriyar mutanen Afirka da ke riƙe da wata ganuwa a tsibiri kudu da Bombay. Aurangzeb ya naɗa shugabansu sarkin ruwan daula, ana biyansa daga kuɗin shigar Surat. Jarumai ne, amma jiragensu na bin gaɓa ne, ba na raka ayari har Jidda ba.

A 1686 shugaban kamfanin a Landan, Josiah Child, ya ga kamar lokaci ya yi da za su gwada ƙwanji da daular. Suka kama jiragen Mughal da dama. Ido ya raina fata. Siddi Yaqub ya sauka a tsibirin Bombay a 1689, ya rutsa Turawa cikin ganuwarsu sama da shekara guda. A 1690 wakilan kamfanin suka je gaban Aurangzeb suka nemi gafara, aka ci su tarar rupi 150,000, suka yi alkawarin mayar da abin da suka ƙwace. Yana da ikon korarsu baki ɗaya, bai yi ba, saboda yana son azurfar da suke kawowa, yana kuma tsoron abin da za su yi wa hanyar Hajji in suka koma teku ba su da abin asara a tudu.

To ana cikin wannan zaman na doya da manja 'yan fashin Atlantika suka gano Bahar Maliya. Sun kafa sansani a tsibirin Sainte-Marie da ke gefen Madagaska, inda wani Adam Baldridge ke sayar musu da albarushi da giya da abinci, kayan da attajirin New York, Frederick Philipse, ke aiko masa. Gwamnan New York na lokacin, Benjamin Fletcher, ya yi suna wajen sayar wa irin waɗannan mutane takardun izinin yaƙi da Faransa, alhali kowa ya san inda suka nufa. Zinariyar alhazan Indiya tana yawo a kasuwannin yankunan da Ingila ke mulka a Amurka, kuma mutane da yawa a can ba su ɗauki fashin dukiyar wanda ba Kirista ba a bakin wani babban laifi ba. Saboda haka ina ganin zargin da mutanen Surat suka yi bai sauka daidai kan mai laifi ba, amma bai yi nisa da gidansu ba. Annesley bai taɓa kowa a Ganj-i-Sawai ba, kuma ɗaure mutum a kan laifin wani zalunci ne ko wa ya yi shi. Sai dai ƙasarsa ce ke ciyar da ɓarayin, tana kuma sayen kayan satar.

Shari'ar da aka yi a Landan ta tabbatar da haka. Gwamnati ta sa ladan fam 500 a kan Every, kamfani ya ƙara 500. Shi dai ya isa Bahamas, ya toshe bakin gwamna Nicholas Trott, ya wuce Ailan, ya yi ɓatan dabo har yau. An kama wasu daga cikin yaransa, aka gurfanar da shida a watan Oktoba na 1696 a kan fashin jirgin sarkin Mughal. Ɗaya ya amsa laifinsa, sauran biyar kuwa masu taya alƙali yanke hukunci, 'yan gari, suka wanke su. Hankalin gwamnati ya tashi, don ta san labari zai kai Indiya. Sai aka sake gurfanar da su a kan wani laifi dabam, wato tawaye da satar jirgin Ingila tun a Corunna. A kan wannan aka rataye biyar. Matan da suka faɗa teku ba a taɓa hukunta kowa da sunansu ba.

A Surat kuwa, hanyar da aka bi aka saki su Annesley ita ce ta rakiya. Kamfanin Ingila da na Holan suka amince su riƙa ba da jiragen yaƙi suna raka ayarin Mokha da Jidda. Annesley da kansa ya goyi bayan haka, yana ganin in kamfani ya zama mai tsaron jiragen sarki, zai samu kuɗi da matsayin da Siddawa ke da shi. Rakiyar ta yi amfani. A watan Agusta na 1697 wani jirgi ya kutsa cikin ayarin da ya taso daga Mokha, sai kyaftin Edward Barlow na jirgin rakiya Sceptre ya buɗe masa wuta ya kore shi. Mai wannan jirgi shi ne William Kidd, mutumin da wasu manyan gwamnatin Ingila suka haɗa kuɗi suka tura da takardar Sarki William na Uku don ya kamo 'yan fashi, da sharaɗin kashi ɗaya cikin goma na ganima na sarki ne. A ƙarshen Janairun 1698 Kidd ya kama Quedagh Merchant, jirgin Indiya da fataken Armeniya suka yi haya, kyaftin ɗinsa Bature ɗan Ingila, takardar izininsa ta Faransa, wani babban bafaden Aurangzeb kuma yana da kaya a ciki. Jirgi ɗaya ya tara ƙasashe huɗu, kuma haka yawancin cinikin tekun yake. Kidd ya kafa hujja da takardar Faransa, tun da Ingila na yaƙi da Faransa lokacin da aka tura shi. A shari'arsa takardun suka ɓace, ba a gan su ba sai farkon ƙarni na 20 a ma'ajiyar gwamnati a Landan. An rataye shi ranar 23 ga Mayu, 1701.

Da aka sake fashe wani babban jirgin alhazai a 1698, tura ta kai bango. A farkon 1699 gwamnan Surat ya tilasta wa kamfanonin Ingila da Holan da Faransa sa hannu a takardar ɗaukar alhaki da ake kira muchalka. Aka raba musu teku: Holan su tsare hanyar Bahar Maliya, Faransa Tekun Fasha, Ingila tekun kudancin Indiya. Sharaɗin da ya fi nauyi shi ne, duk jirgin da aka fashe, su za su biya.

A takarda dabarar ta yi kyau, domin ta ɗora asara a kan wanda ke da ikon hana ta. A aikace kuwa ta zo da rigingimu. Ayari yana tafiya ne da saurin jirgin da ya fi nawa, ɗan kasuwa kuma so yake ya riga kowa isa kasuwa kafin farashi ya faɗi, don haka masu jirage masu sauri kan ɓalle su yi gaba. In aka fashe wanda ya ɓalle, wa zai biya? In jirgi ya nutse saboda guguwa mai shi ya ce fashi ne, wa zai tantance? Attajirai irin su Abdul Ghafur, mai jirage fiye da 15, suna da bakin magana a fada, kuma sun yi ta matsa lamba a biya su. Kamfanonin na cewa an mai da su masu lamunin teku sukutum, har da ɓarnar Larabawan Maskat da wasu da ba su da alaƙa da su. Jakadan Ingila William Norris, da ya je wurin Aurangzeb a 1701 neman izinin ciniki ga wani sabon kamfani, ya dawo hannu rabbana saboda ya ƙi ɗaukar alkawarin tsare tekun. Gwamnan Bombay, John Gayer, an kama shi a 1701, ya yi shekaru a tsare a Surat. Daga ƙarshe Holan suka koma ga tsohuwar hanya: suka tare tashar Surat, suka kama jirgin alhazai mai ɗauke da manyan mutane. Aurangzeb, yana tsufa, yaƙin da yake yi a yankin Dekkan na kudancin Indiya ya cinye ƙarfinsa, ya ba da umarni a sasanta a daina karɓar irin wannan takarda.

Duk da haka matsin ya haifar da abu. Da kamfanin ya ga cinikinsa na cikin haɗari, ya juya kan gwamnatinsa. Aka cire Fletcher daga New York, aka tura jiragen yaƙin sarki zuwa Madagaska a 1699, a 1700 kuma majalisa ta yi dokar da ta ba da damar yi wa 'yan fashin teku shari'a a yankunan mallaka ba tare da 'yan gari masu wanke su ba. Kukan alhazai bai motsa Landan ba, rufe ɗakunan ajiyar kaya a Surat ne ya motsa ta. Wannan nasara ce ta Aurangzeb, kuma bai kamata a rage masa ita ba.

Amma a duba abin da ya bayar kafin ya same ta. Ya amince a rubuce cewa tsaron hanyoyin ruwan daularsa aikin baƙi ne. Ya ba su dalilin kawo ƙarin jiragen yaƙi, ya saba wa fatakensa neman inuwa ƙarƙashin tutar wani. Muddin daular na da ƙarfi a tudu, ana iya riƙe mai gadin da igiya. Da Aurangzeb ya rasu a 1707 daular ta fara tsattsagewa, igiyar ta tsinke, mai gadi kuma yana nan da igwarsa.

Wanda ya gwada cike giɓin daga cikin gida shi ne Kanhoji Angre, sarkin ruwan Maratha, wata daula ta 'yan ƙasa a yammacin Indiya. Ya riƙe gaɓar Konkan, ya ce duk jirgin da zai bi ruwansa sai ya karɓi takardarsa, dastak, wanda ya ƙi a kama shi. Abin da Fotugal suka shekara 200 suna yi ke nan, abin da kamfanin Ingila ma ke yi daga Bombay. Bambancin kawai shi ɗan ƙasa ne, yana aiki da sunan sarautar da ke mulkin gaɓar. Turawa suka ƙi amincewa da ikonsa, suka lissafa shi cikin 'yan fashi, suka kai masa hari a 1718 da 1720, suka sake komawa tare da Fotugal a 1721, duk ba su yi nasara ba har ya rasu a 1729. Abin da ya karya gidansa rikicin cikin gida ne. Peshwa, shugaban gwamnatin Maratha, ya saɓa da Tulaji Angre, ɗan Kanhoji, ya haɗa kai da kamfanin. A watan Fabrairun 1756 Admiral Charles Watson da Robert Clive suka ci ganuwar Tulaji ta Vijaydurg suka ƙone jiragenta. Maratha da hannunsu suka taimaka aka rusa rundunar ruwa mafi ƙarfi da 'yan ƙasa ke da ita a wannan gaɓa.

Bayan shekara uku, a 1759, sojojin kamfanin suka ƙwace ganuwar Surat daga hannun Siddi, da goyon bayan wasu attajiran birnin da suka gaji da rashin tsaro. Fadar Delhi, wadda ta zama suna kawai, ta tabbatar wa kamfanin muƙamin sarkin ruwan Mughal tare da kason kuɗin shiga da ke biye da shi. Abin da Annesley ya hango yana cikin mari ya tabbata bayan shekara 60 da 'yan kai. Daga nan ɗan kasuwar da ke son kayansa su isa lafiya ya san tutar da zai nema, masu kuɗi da masu sana'a suka riƙa ƙaura zuwa Bombay, kamar yadda maƙerin jirage Lovji Wadia ya riga ya yi tun wajen 1736. A 1800 kamfanin ya karɓe mulkin Surat ɗungurungum, aka yanka wa nawab, wato mai sarautar birnin, fansho.

Da hujjar nan ta kare jiragen fatake aka shiga Tekun Fasha. Daga Bombay aka tura runduna kan Qawasim, Larabawan da ke mulkin Ras al-Khaimah, a 1809, aka sake a 1819, bisa zargin suna fashin jiragen da ke ɗauke da tutar Birtaniya, waɗanda da yawansu na 'yan kasuwar Indiya ne. Sarkin Sharjah, Sultan bin Muhammad Al Qasimi, wanda zuriyar gidan ne, ya yi bincike a kan takardun kamfanin ya wallafa a 1986, inda ya kafa hujja cewa an kambama zargin ne don a kawar da abokan gasar ciniki, wasu masana kuma suna ganin hare-haren sun faru da gaske. Abin da ba a jayayya a kai shi ne sakamakon: shehunan gaɓar suka sa hannu a yarjejeniyar 1820, aka ɗora da ta dindindin a 1853 wadda ta bar wa Birtaniya hukunta duk wanda ya ta da fitina a teku, a 1892 kuma suka miƙa mata huldarsu da ƙasashen waje. Ba ta janye daga waɗannan masarautu ba sai 1971, shekarar da aka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.